Duli ko singil? Kafin ka zuba dalolinka a motar jan tirela

Wani ƙanena da ya shekara uku yana tasi a nan Houston ya tare ni bayan sallar Juma'a, wai Yaya na ɗan tara abin da na tara, ina so in shiga harkar kwasar motoci daga wajen gwanjo zuwa bakin ruwa, to wacce kake ganin zan saya, mai taya ɗai-ɗai a baya ko mai bibbiyu? Na ce masa tirelar da za ka ja nauyinta nawa ne in an yi mata lodi. Ya ce shi fa bai kai nan ba tukuna, mota yake nema. Na ce to ka fara gini ta rufi kenan, zo mu zauna a inuwa. Mun fi awa ɗaya a filin fakin na masallaci ina masa lissafi a bayan takardar mai, kuma tunda ba shi kaɗai ke min wannan tambayar ba na ga gara in rubuta gaba ɗaya kowa ya huta.

Ga waɗanda ke gida, abin da ake magana a kai shi ne manyan a-kori-kura na Amurka, Ford F-350, Ram 3500, Chevrolet Silverado 3500 da 'yar uwarta GMC Sierra. Kowacce ana yin ta kala biyu. Akwai mai taya huɗu kamar Hilux, wadda mu muke ce wa singil, akwai kuma mai taya shida, biyu a gaba huɗu a baya kamar Kanta ko Dyna, ita ce duli, za ka gane ta tun daga nesa da ƙugunta da ya buɗe kamar ta ɗaura zani biyu. Ƙannensu kuwa, F-250 da Ram 2500 da Silverado 2500, singil kawai ake yin su, F-450 kuma duli kawai. Tirela da nake faɗa ba irin ta Ɗangote ba ce fa, bodin da ake ɗaurawa a ja nake nufi, mai ɗaukar mota biyu ko uku, ko shanu, ko ƙaramar katafila. Galibin motocin da kuke gani sun sauka a Tin Can ko Kwatano ko Tema, daga filin gwanjon Copart ko IAA irin waɗannan motocin ne suka kwaso su zuwa tashar Baltimore ko Newark ko Savannah ko Galveston kafin su hau jirgi.

Abu na farko da nake so mutum ya cire a ransa shi ne wai duli ta fi ƙarfin inji. Inji ɗaya ne. A masu dizal, in Ram ce Cummins 6.7 ne a ciki ko tayarta huɗu ko shida, in Ford ce Power Stroke 6.7, in ta GM ce Duramax 6.6. Ka ɗaura wa singil tirelar da ta fi ƙarfinta za ta ja ta tsaf, ta hau gada ba ta ko tari, kuma wannan shi ke yaudarar mutane, sai ka ji mutum yana cewa ai motata ba ta ma san da kaya a bayanta ba. Inji ne bai sani ba malam, tayoyin baya sun sani. Sannan waɗannan manyan lambobin na talla, Ford ta ce F-450 na jan laba 40,000, Ram ta ce 37,090 a motarta ta 2024, Chevrolet ta ce 36,000, gaskiya ne ba ƙarya ba amma duk na duli ne, kuma dulin ma wadda aka rage wa komai, ƙofa biyu, ba kayan ƙawa, irin wadda ba ita kake gani a layin dila ba. Taka mai ƙofa huɗu da kujerun fata da giyar daji, wato mai jan gaba da baya, lambarta daban. Laba nake cewa saboda nan ba sa awo da kilo, ita ce dai labar da kakanninmu suka auna gyaɗa da ita, biyu da ɗan ɗori ke yin kilo ɗaya, wato laba 10,000 wajen tan huɗu da rabi kenan.

To ina bambancin yake? Yana wajen nauyin da ke sauka a kan gadon bayan motar. Tirela ba duk nauyinta ne ke kan tayoyinta ba, wani kaso yana danne motar da ke jan ta. In irin wadda ake maƙalawa a ƙugiyar bamba ce, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne ke sauka a kan motar. In guznek ce, wato mai dogon wuyan nan da ke lanƙwasowa ya zauna kan ƙwallon ƙarfe a tsakiyar bodi, ko mai faranti irin na kan babbar tirela, to kashi 15 zuwa 25 ne, kuma kusan dukkansa a kan aksul ɗin baya, wato ƙarfen da tayoyin baya ke jikinsa, yake zama tunda ƙwallon a samansa aka dasa shi. Yanzu ka tsuguna ka karanta gefen taya. Tayar da aka fi sa wa singil, LT275/70R18, an rubuta mata laba 3,640 in iska ta kai 80, guda biyu 7,280 kenan, shi ya sa za ka ga aksul ɗin bayan Ram 3500 singil an ba shi 7,000, na Ford kuma 7,230, ba su da inda za su wuce saboda taya ta tsayar da su. Tayar duli siririya ce, ta Ram LT235/80R17 ce, ita kaɗai 3,085 take ɗauka, in an haɗa ta da 'yar uwarta ma sai a rage mata zuwa 2,835 saboda zafi da kuma yadda titi ba ya raba musu kaya daidai, amma fa huɗu ne, 11,340 kenan, kuma aksul ɗin an ba shi 9,750. Kaga singil tana aiki ne a bakin gejin tayarta, ita kuwa duli ko ta cika maƙil tayoyin na da sauran numfashi.

Ga lissafin da na yi wa yaron. Mu ɗauka singil ce mai dizal ƙofa huɗu, ka cika tanki, ka zuba sarƙoƙi da bel-bel da akwatin kayan aiki da jak, kai ma ka shiga, bayanta kaɗai zai auna wajen 3,600 ko 3,700 tun ba a ɗaura komai ba. Cire shi daga 7,000, saura maka 3,300 da 'yan kai. In tirelarka tana sauke kashi 22, to da zarar ta kai laba 15,000 da lodinta ka iso bango. Yanzu ɗauki tirelar mota uku, irin mai gangaren nan da motar farko ke hawa can saman wuya. Ita kanta ba kaya tana kai 7,000 zuwa 8,000. Ɗora mata Highlander wajen 4,400, RX 350 wajen 4,300, Camry wajen 3,400, ka tashi da kusan 20,000, kuma wannan kalar tirelar ta fi kowacce danne mota saboda motar gaba a kan bodinka take zaune, kashi ɗaya bisa huɗu ba abin mamaki ba ne, laba 5,000 kenan a kan aksul ɗin da ya rage masa 3,300. Ba dabarar lodi da za ta cike wannan giɓin. Duli kuwa da bayanta ke auna wajen 4,000, in ka ɗora mata 5,000 ta zama 9,000, tana cikin 9,750 ɗinta, sai dai ka lura da jimillar motar kar ta haura 14,000 da aka rubuta mata, nan ma kana gab da baki.

Ni ba a littafi na koyi wannan ba. Da singil na fara, ƙaramar ma, saboda ita kuɗina ya kai kuma wanda ya sayar min ya ce ai da ita ya yi shekaru yana jan mota uku. Wata huɗu ina yi lafiya lau ina ganin kaina gwani, sai wata safiya aka karkatar da ni wajen awo a bakin babbar hanya, jami'in bai ma yi dogon magana ba, ya kalli allon sikeli, ya zo ya buɗe ƙofata ya karanta sitikar da kamfani ya rubuta iyakar nauyin motar a kai, ya tsuguna ya haska gefen tayar baya da tocila, ya dawo ya ce ba inda za ni sai na sauke mota ɗaya. Awa biyar na yi a wurin ina kiran mutane, ƙarshe wani ɗan Ghana da muke lodi tare ya zo ya kwashe min ɗaya, kuɗin tafiyar gaba ɗaya ya tafi a tara da kuɗin mai taimako, jirgin da ake so motar ta shiga kuma ya tashi ba ita, mai motar yana Kano yana ta turo min saƙon murya ɗaya bayan ɗaya, ni ko buɗewa na kasa. Abin da ya fi tsaya min a rai ma ba tarar ba ce, da na sa hannu a tayar bayan nan wallahi kamar murfin tukunya, kuma da ita na yi niyyar yin sauran mil ɗari uku a zafin Yuli.

Wani zai ce ai sai a sa mata balan-balan ɗin iska a ƙarƙashi ko a ƙara ganyen sifirin. Sa mana, motar za ta daina tsugunawa, fitilarka ta daina haska saman bishiya, tuƙi ma ya ɗan yi daɗi. Amma ba abin da ya canza a sitikar jikin ƙofa kuma ba abin da ya canza a taya, ɓoye alamar kawai ka yi, kamar mai zazzaɓi ya sha fanado ya ce ya warke. Mai awo sitika yake karantawa, kamfanin inshora ma ranar da abu ya faru sitikar zai nema.

Sai maganar natsuwa a kan titi, wadda ita lamba ba ta nuna ta, sai wanda ya tuƙa duka biyun. Singil da kaya mai tsayi a baya, in babbar tirela ta wuce ka da gudu za ka ji iska ta tura ka sannan ta zuƙo ka, bayan motar ya ɗan yi rawa, hannunka biyu na kan sitiyari kana gyarawa kana gyarawa, kafin yamma kafaɗunka sun yi tsami ba ka san dalili ba. Duli ta kafa ƙafa da faɗi, gefen taya takwas ne ke riƙe da ita a baya maimakon huɗu, iskar za ta zo ta wuce kana shan shayinka. Duk wanda ya taɓa bin babbar hanyar I-80 ta Wyoming ko I-40 ta yammacin Texas ranar da ake iska ya san abin da nake faɗa. Da kuma fashewar taya, Allah ya kiyaye. Singil in ta baya ta fashe da lodi, ɓangaren nan gaba ɗaya ya faɗi kan rim, tirela kuma tana turo ka. A duli ta taɓa fashe min ta ciki, ƙara kawai na ji kamar an harba bindiga, motar ko gezau, na sa sigina na gangara gefe a hankali. Ba wai ka ci gaba da tafiya a haka ba fa, wadda ta rage tana ɗauke da kayan mutum biyu, ita ma ba za ta daɗe ba, amma ta ba ka damar tsayawa da ƙafarka.

To zuwa nan sai ka ce shikenan duli ta ci. Tsaya tukuna, akwai maganar lasin, kuma nan ne lissafin ke juyewa. Dokar tarayya ta ce in ka haɗa nauyin da aka rubuta wa mota da wanda aka rubuta wa tirela suka kai laba 26,001, kuma tirelar ta haura 10,000, to sana'a da su sai da babban lasin, CDL ajin A, irin na direban tirela sak. Ka lura, abin da aka rubuta a sitika ake haɗawa ko da ba ka ɗauko komai ba, in kuma awon gaske ya fi na sitika sai a bi awon. Duli kusan duk 14,000 ake rubuta musu, saura maka 12,000 kenan na tirela in kana so ka tsaya a 26,000 cif. Tirelar mota biyu ita kanta tana cin 5,000 zuwa 6,000, abin da ya rage maka na kaya bai wuce Corolla biyu ba, su ma da addu'a. Amma singil da aka rubuta wa 11,500, ka haɗa ta da tirela mai 14,000, kun tashi 25,500, kana ƙasa da layi, kuma kana da wajen 8,000 na kaya, Camry da Highlander sun shiga, nauyin da zai sauka a bayanta kuma wajen 3,000 ne, tana iya wa. Kaga a nan ƙaramar ta fi babbar kawo kuɗi. Sai dai ka buɗe ƙofa ka karanta da idonka kafin ka biya, don akwai singil mai dogon bodi da aka rubuta wa 12,300 ko 12,400, ka haɗa da 14,000 ka tsallaka layi da laba ɗari uku ko huɗu kacal, kuma mai awo ba ruwansa da kacal. Rashin CDL kuma ba ya nufin ba ruwanka da hukuma, da zarar kun haura 10,000 kana tsallaka jiha don kuɗi sai ka yi lambar DOT, wato rajistar ma'aikatar sufuri, da izinin MC na ɗaukar kayan mutane, da katin likita, da inshorar da doka ta ce aƙalla dala 750,000 amma dillalan kaya galibi miliyan ɗaya suke nema, ga ƙa'idar awa 11 na tuƙi, ga katin shaida na TWIC in za ka shiga cikin tashar jirgi da kanka.

Sannan zaman yau da gobe da duli, wanda masu sayarwa ba sa faɗa maka. Faɗin singil wajen inci 80 ne, duli kuwa 96, ƙafa takwas cur, shi ya sa doka ta sa mata fitilun nan 'yan ƙanana a saman kai kamar babbar mota. Layin fakin na kanti ƙafa tara ne in an yi maka adalci, to ka lissafa abin da ya rage na buɗe ƙofa. Kullum can ƙarshen fili kake ajiyewa ka tako, uwargida in za ku Walmart sai ta ce a ɗauki tata. Injin wankin mota mai layin dogo ba ya karɓarta, tagar banki ta cikin mota sai kana kallon madubi biyu kana salati, garejin gidan haya kuwa manta da shi. Kuma kusan duk wanda ya fara tuƙa duli sai ya ba da zakkar ƙugu ɗaya, gaba ya wuce lafiya sai ka manta baya ya fi gaba faɗi, ka ji ƙarrr a jikin ƙarfen gidan mai. Nawa na dama ne, har yau da tabon. Yawancinsu kuma dogon bodi ne mai ƙafa takwas, in ka haɗa da ƙofa huɗu motar ta haura ƙafa 21, in ban da Ram Mega Cab da ke zuwa da gajeren bodi. In ba kaya a bayanta kuwa tsalle take kamar amalanke, sifirin da aka yi don laba dubu biyar ba ya jin nauyin buhun shinkafa ɗaya, duk ramin titi sai ya gaisa da ƙashin bayanka. 'Yan New York da New Jersey ku kuma ga naku, a gadar George Washington da sauran mashigan hukumar Port Authority mai kula da ita, da kan New Jersey Turnpike, mota mai tagwayen taya ajinta daban a tolget, kuɗinta ya fi na singil ko da aksul biyun ne dai.

A laka da yashi da dusar ƙanƙara ma singil ce gaba, abin da ke ba mutane mamaki, suna ganin taya ta fi yawa ai riƙo zai fi. In ba lodi, nauyin bayan ya rabu gida huɗu, kowacce taya ba ta danna ƙasa sosai, sai ta yi ta sulɓi a kan ciyawa mai raɓa ma. Kuma tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, sabuwar hanya suke fasawa, laka ta cushe tsakaninsu su zama kamar ganga ɗaya, dutse ya maƙale a tsakiya yana cin gefen taya kana tafiya ba ka sani ba. Filayen gwanjo da yawa tsakuwa ce da taɓo in an yi ruwa, na sha ganin duli mai jan baya kawai ta kafe a wurin da ƙaramar mota ta wuce, don haka in za ka saya ka nemi mai giyar daji ko da za ta rage maka ɗan abin da za ka ɗauka. Masu tambayata daga gida wai a turo musu duli don shiga gona ko ƙauye, ku dubi abin da ke ratsa sahara daga Agadas, Hilux ce da Land Cruiser masu taya ɗai-ɗai, ba don ba su san duli ba. Ga kuma sababbin injinan dizal na nan da ke son mai marar sulfa da ruwan DEF na tsabtace hayaƙi, in suka sha wanda ba shi ba matatar hayaƙin ta toshe motar ta ƙi gudu.

Kuɗin riƙo kuwa bai kai yadda ake zuzuta shi ba amma akwai shi. Taya shida za ka saya maimakon huɗu, bakwai da safaya, sai dai kowacce ta ɗan fi ta singil araha tunda siririya ce. Mai ta ɗan fi sha in ba kaya, in da kaya kuwa bambancin ba ya taka kara ya karya, tirelar ce ke shan man. Abin da ya fi ci min rai shi ne duba iskar tayar ciki, sai ka durƙusa ka zura hannu ta ramin rim kana lalube, shi ya sa malalata ba sa dubawa, ta ciki ta sace tun Litinin ta waje na ɗauke da ita ba wanda ya sani sai ranar Alhamis ta yi bindiga. Sayi dogon bakin bawul ka ɗaura, ko na'urar da ke nuna iska a gaban direba, kuma kowace safiya ka bi su da guduma kamar yadda direbobin tirela ke yi a Mararraba, sautin mai iska daban yake. Juya tayoyi ma aiki ne in rim ɗin waje na alminiyom ne na ciki na ƙarfe, ba ka musanya su kai tsaye sai an ɓare taya. Kuma tagwayen dole su zama tsayi ɗaya, ka haɗa sabuwa da tsohuwa sabuwar ce za ta ɗauke kayan duka ta cinye kanta.

In kuwa tirelarka ta bamba ce, ta mota ɗaya, ko ƙaramin kwale-kwale, ko akwatin kayan gini, ko ka ɗebo raguna daga gona lokacin layya, ba ka da hujjar sayen duli sam. Laba 12,000 a ƙugiyar bamba abin da zai sauka a motar bai wuce 1,500 zuwa 1,800 ba, kowacce singil a cikin waɗannan za ta ɗauka tana dariya. Shawarata dai in singil za ka saya kuma dizal kake so, tsallake 250 da 2500 ka ɗauki 350 ko 3500, girmansu ɗaya a ido, kuɗin ba wani tazara, amma injin dizal nauyi gare shi, yana cinye kason kayan ƙaramar, sai ka ga ƙatuwar mota an rubuta mata laba dubu biyu da 'yan kai a sitika mai ruwan ɗorawa, wadda ke nuna iyakar kayan da za ta ɗauka. F-450 kuma daɗinta kwana, aksul ɗin gabanta ya fi faɗi don haka tana juyawa a wurin da F-350 sai ta yi ribas, ga manyan birki ga taya 19.5 irin ta manyan motoci mai daɗewa, amma ita ma 14,000 aka rubuta mata kuma ta fi nauyi, don haka abin da za ka ɗora mata a baya bai kai na F-350 duli ba, ja ne ta fi.

Abin da na ce wa ƙanen nawa a ƙarshe shi ne, in ka san za ka yi CDL ka ja mota uku ko huɗu kullum, wannan ba abin tattaunawa ba ne, duli, kuma kar ka bari wani ya ce maka ga wata singil mai araha ka fara da ita, ni na fara da ita na gani. Haka mai jan katafila ko doguwar tirelar shanu ko gidan nan na tafi-da-gidanka mai hawa kan faranti, duk abin da ya haura 15,000 ko 16,000 a guznek. In kuwa ba ka da niyyar babban lasin yanzu, mota biyu za ka riƙa ɗauka, kuma motar nan ita ce ta kai yara makaranta ita ce ta zuwa kasuwa, to 350 ko 3500 singil mai 11,500 da tirela mai 14,000 ta fi maka, kuɗin da ka rage ka zuba a taya masu kyau da birkin tirela. Masu tsaka-tsaki, wato wanda lissafinsa ya nuna saura laba ɗari biyu ko uku ya cika aksul, ni duli nake tura su, saboda ba a taɓa yin mai kwasar kaya da tirelarsa ta ƙanƙance ba, kullum girma take, bana mota biyu baɗi ka ji dillali na cewa akwai ta uku a hanya ɗaya.

Ya ce to shi yanzu CDL ɗin ne bai shirya ba, kuma ya ga wata singil a Dallas. Na ce ya sa mai ita ya ɗauko masa hoton sitika biyun na jikin ƙofar direba, wato farar sitikar da mai ruwan ɗorawar, da hoton gefen tayar baya inda aka rubuta nauyi da shekarar da aka yi ta. In lambobin sun yi, ranar da zai je gani zan ara masa tirelata ta mota biyu da lodinta, su shiga sikelin kamfanin awo na CAT da ke gidan man manyan motoci, dala goma sha wani abu ne, gaba a faranti na ɗaya, baya a na biyu, tirela a na uku, ya turo min takardar kafin ya miƙa ko sisi. Jiya da daddare hoton ya shigo, 12,300 aka rubuta.